Babban Maki a Jarrabawar Kiwon Lafiya: Abin da Mai Gyaran Takarda Yake Nema ga Ɗaliban Maraɗi

Duk shekarar da sakamakon jarrabawa ya fito a Maraɗi, akwai wasu ɗalibai da suka fi ba ni tausayi a kan waɗanda wasa ya kayar. Su ne waɗanda suka yi karatu bil haƙƙi, suka kwana a kan kaye, suka haddace darasi tun daga take har ɗigon ƙarshe, amma takardarsu ta ilimin jiki da lafiya ta tsaya a 9 ko 10 bisa 20. Iyaye su ce an danne wa yaro haƙƙi, yaro ya ce mai gyara ne ba shi da imani. Galibi ba nan gizo ke saƙa ba. Yaron ya zuba abin da ya haddace, alhali an tambaye shi ya yi tunani ne, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa bambancin biyun.

Ya kamata a fara fayyace jarrabawar da ake magana a kanta. A ƙetaren iyaka, a Jibiya ko Katsina, ilimin kiwon lafiya darasi ne mai cin gashin kansa, ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare yana iya ɗaukarsa a WAEC ko NECO. A Nijar rarraba shi aka yi. Wani sashe yana cikin darasin tattalin iyali, wato EFS, inda ake koyar da abinci mai gina jiki da tsafta da renon jariri. Mafi nauyinsa yana cikin darasin kimiyyar halitta, wato SVT, musamman ga ƴan ajin ƙarshe na seri D, waɗanda jarrabawarsu ta bak ke taɓo garkuwar jiki, haihuwa, gado da aikin jijiyoyi. Sai kuma makarantun koyon aikin lafiya, na gwamnati da masu zaman kansu, waɗanda ɗalibansu masu jinya da ungozoma ke haɗuwa a jarrabawa guda ta ƙasa kafin a ba su shaidar fara aiki. A bak, 10 ita ce tsira, yabo yana farawa daga 12, ya hau 14, ƙolinsa 16. Wanda ke hangen tsangayar likitanci ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya san tsira da ƙyar ba za ta yi masa rana ba, don gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka.

Duk waɗannan jarrabawoyi abu ɗaya ya haɗa su. Mai gyara yana zaune da takardar rabon maki a gefensa, an yanka kowace tambaya gutsi-gutsi, nan rabin maki, can maki ɗaya. Kowane gutsure yana jiran wata magana takamaimiya: me ya kawo cutar, ta ina ta shiga, me take yi a cikin jiki, da me ake gane ta, a ina ake datse mata hanya. Idan maganar ta bayyana ya ba da maki, idan ba ta bayyana ba, ko shafi uku ka cika, biro ɗinsa ba zai motsa ba. Shi ya sa ɗalibin da ya rufe amsa da cewa rigakafi ya fi magani bai ƙaru da komi ba. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi wane rigakafi ba, ga wa, kuma yaushe.

Ni a ganina, ɗan Maraɗi yana da wata dama da ba ya amfani da ita: yawancin abin da ake tambayarsa a takarda yana faruwa a ƙofar gidansu. Tibiri ta isa misali.

Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, mutanen Tibirin Gobir sun sha ruwan wani foraj mai zurfi. Ruwa ne garai-garai, ba wari, ba laka, wanda kowa zai kalla ya ce an ci gaba. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuluwor da ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wato miligiram 1.5 a lita, har sau uku zuwa huɗu. Haƙoran yara suka rine suka yi ja-ja, ƙafafun wasu suka lanƙwashe, ƙasusuwa suka nakasa. Dubban yara abin ya shafa, ɗaruruwa kuma suka samu nakasar da ba ta gyaruwa. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, suka fitar da rahoto a kai. Yaran wancan lokaci yanzu magidanta ne, suna nan a garin, ƴan uwanmu ne, kuma ba labarin da ya kamata ɗalibin lafiya a wannan jiha ya sani kamar nasu.

To a ce an kawo wa ɗalibi irin wannan a jarrabawa: ga gari, ga jadawalin awon ruwa, ga alamomin da ake gani ga yara, me ke faruwa, me za a yi? Mai hadda yana ganin kalmar ruwa sai hannunsa ya rubuta abin da ya saba: a tafasa, a tace da ƙyalle, a jefa ƙwayar Akwatab. Nan take ya zubar da makin duka. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma fuluwor ba rai gare shi ba balle ya mutu. Ruwan ne ma zai ƙone ya ragu, sinadarin ya ƙara kauri a cikin abin da ya saura. Mai tunani kuwa zai fara da kwatanta adadin da ke jadawali da 1.5, ya ce ya zarce. Zai ce yara abin ya fi kamawa saboda ƙashinsu da haƙoransu suna cikin ginuwa, kuma ƙarancin abinci mai gina ƙashi yana ƙara tsananta shi. Zai ambaci cewa ɗan kaɗan na wannan sinadari yana kare haƙori daga ruɓewa, yawansa ne guba. Daga nan ya zo ga mafita: a sauya mashaya, ko a gauraya da ruwan da ba shi da yawan sinadarin, ko a cire shi ta hanyar tacewa ta musamman, kuma a riƙa auna ruwan kowane foraj kafin a buɗe wa jama'a. Layi goma sun ishe shi, kuma kowane layi yana da makinsa.

A Jiratawa darasin wani iri ne. Filin noman rani da magudanan ruwansa sun ciyar da gari, zogalen Jiratawa kuwa ba sai an tallata shi ba a kasuwar Maraɗi. Amma ruwa mai tafiya a hankali cikin kanal, da ciyayi a gefe, da yara masu wanka da rana tsaka, irin wurin da tsargiya ke so ke nan. Kuskuren da ake ta maimaitawa a takardu shi ne a ce ana kamuwa da ita ta shan ruwa mai datti. Ta fata take shiga. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin wata ƴar katantanwa ta yawaita a ciki, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa, ta girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wanda ya iya zana wannan zagaye da hannunsa, ba tare da duba kaye ba, ba sai ya haddace hanyoyin kariya ba, domin kowace gaɓa ta zagayen tana nuna wurin da za a yanke: a sha maganin firazikantel, a daina fitsari a ruwa, a share ciyayin kanal, a rage shiga ruwa. Haka abin yake ga masassarar cizon sauro, daga cizon macen sauro zuwa hanta zuwa jajayen ƙwayoyin jini. Maganin kariya na damina da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59, wanda aka soma a Nijar a 2013, ɗalibi ya gan shi da idonsa a hannun ƙannensa. Abin da ya rage masa shi ne ya iya faɗin dalilin da ya sa ake ba da shi wata-wata, kwana uku a jere, kuma a watannin ruwa kaɗai.

Kwalara ma ba baƙuwa ba ce. A Yulin 2018 ta ɓulla a gundumar Madarunfa, ta sake dawowa a 2021, Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Idan aka tambayi abin da ke kashe mai kwalara, amsar da ke cin maki ita ce ƙarewar ruwa da gishirin jiki, don haka abu na farko shi ne mayar da ruwan: ƙunshi ɗaya na gishirin SRO a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ko ƙarin ruwa ta jijiya idan abin ya yi tsanani. Wanda ya fara da lissafa sunayen magungunan kashe ƙwayar cuta ya nuna bai gane abin da ya fi gaggawa ba.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa a fili ba. Yaro yana tunani da Hausa, yana rubutu da Faransanci, kuma sau da yawa hadda mafaka ce ga wanda yake tsoron ƙirƙirar jimla da kansa. Na fahimci wannan tsoro, ba kuma laifin yaron ba ne. Maganinsa shi ne a raba aikin biyu. Ka fara bayyana darasin da Hausa ga wanda bai yi boko ba, ko innarka ko ƙanenka. Idan suka gane yadda allurar rigakafi ke koya wa jiki sanin maƙiyinsa, to kai ma ka gane. Bayan haka ka mayar da shi Faransanci da gajerun jimloli, kana kiyaye kalmomin fannin daidai yadda suke. Mai gyaran SVT yana yafe jimla mara ado. Abin da ba ya yafewa shi ne a kira ƙwayar bairos da sunan bakteriya, ko a rikita allurar rigakafi da ruwan garkuwa da ake yi wa wanda maciji ya sara.

Daga nan sai tambayoyin da ke zuwa da jadawali ko zanen hawa da sauka, inda mafi yawan makin seri D yake kwance. Umarnin da ke kan tambaya shi ne jagora. Idan an ce ka yi nazarin zane, ana son ka faɗi abin da ido ya gani, da adadi: daga rana kaza zuwa rana kaza abu ya tashi daga nan zuwa can, sannan ya sauka. Idan an ce ka fassara, a nan ne za ka kawo dalili daga darasi. Idan an ce ka fitar da hukunci, jimla ɗaya ko biyu ake so. Ɗalibai da yawa suna tsallake matakin farko don suna ganin ya yi sauƙi da yawa, su faɗa cikin bayani, su bar maki kyauta a ƙasa. Wasu kuma suna ganin zanen sinadaran jinin haila sai su juye duk babin haihuwa, ko da tambayar rana ɗaya tak ta nufa.

Tambayar gado tana da nata tarkon, kuma sikila ce ta fi fito da shi, cutar da kusan kowace zuri'a a nan ta san zafinta. Uba AS, uwa AS: kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ɗalibi sai ya rubuta cewa cikin ƴaƴa huɗu ɗaya zai yi sikila. Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki sabon jefa ƙuri'a ne, ana iya haifar huɗu duka lafiya, ana iya samun biyu ko uku masu cutar. Wannan ƴar gyara tana raba 14 da 16 a takarda, ranar da ɗalibin ya zama ma'aikaci kuma ita ce za ta hana shi yaudarar ma'aurata da suka zo neman shawara.

Ga ƴan makarantun lafiya, lissafi ne ke kayar da mutane ba tare da sun ankara ba. Yaro mai kilo 12, farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, ya kama 180 a sha ɗaya. Ƙarin ruwa mililita 500 cikin awa 4, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a mililita, ya kama wajen ɗigo 42 a minti. Ba lissafi mai wuya ba ne, amma sai an rubuta matakan, an kuma sa ma'auni a bayan adadi. Wanda ya rubuta 180 tsirara bai faɗi komi ba, don ba a san ko miligiram ba ne ko mililita. Haka jadawalin rigakafi: BCG da ɗigon shan inna ranar haihuwa, Penta a sati 6, 10 da 14, ƙyanda da shawara a wata 9. Irin waɗannan kam hadda suke so, kuma nan ne hadda take da gurbinta. Ba na ƙin hadda. Ina ƙin a ɗora mata kayan da ba nata ba.

Sai jarrabawar aiki a gaban mara lafiya, wadda take tona asirin wanda ya yi zaman koyon aiki da gaske da wanda ya je sa hannu kawai. A ce an ba ɗaliba yaro ɗan wata 18 a hannun uwarsa, malama na tsaye a gefe da takarda. Tun kafin ta taɓa yaron an fara ba ta maki ko hana ta. Ta wanke hannu? Ta gaida uwar?

"Inna, sannu da jinya. Yaya mai jiki? Zan auna dantsensa ne, ba zai ji zafi ba."

Ta ɗauki hannun hagu, ta nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta bar hannun ya saki, ta zagaya ma'aunin ba tare da ta matse ko ta bar shi sako-sako ba. Ya nuna milimita 112, cikin ja, ƙasa da 115, alamar tamowa mai tsanani. Ba ta tsaya nan ba. Ta danna bayan ƙafafun biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, ta duba ko rami ya zauna. Ta ba shi Plumpy'Nut ta ga ko zai ci. Idan ya ci, ba kumburi mai yawa, ba wata cuta a tare, jinyar gida ce da zuwa awo duk sati a CRENAS. Idan ya ƙi ci, ko yana numfashi da ƙyar, ko jiki ya saki, sai kwanciya a CRENI. Sannan ta juya ga uwar ta yi mata bayani da harshen da za ta gane, ba da faɗa ba, ta kuma sa ta maimaita. Wannan tsarin jinyar tamowa a gida, a nan Maraɗi aka gwada shi a kan dubun-dubatar yara lokacin yunwar 2005, kafin ya zama abin da ake bi a ƙasashe da dama. Abin takaici ne ɗalibar Maraɗi ta rasa maki a kansa.

Ɗalibar ungozoma kuma, idan an tambaye ta yoyon fitsari, ta tuna cibiyar Danja da ke kusa da Jiratawa, wadda aka buɗe a 2012 don gyaran matan da doguwar naƙuda ta yi wa illa. Amsa cikakkiya tana bin jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya likita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A ƙara da auren wuri, inda ƙugu bai gama buɗewa ba.

Yadda ake shiri ba wani sirri ba ne, sai dai mutane sun fi son hanyar da ke da daɗi. Maimaita karanta kaye yana sa mutum ya ji kamar ya iya, don idonsa ya saba da shafin. Gwajin gaskiya shi ne a rufe kayen, a ɗauki farar takarda, a rubuto abin da ya zauna, a buɗe a ga gibin, a sake bayan kwana biyu, a sake bayan sati. Ƙungiyoyin da ke taruwa da dare gaban allo a unguwanni suna da amfani matuƙa, muddin alli yana zagayawa. Idan gwani ɗaya ne kullum a tsaye saura suna kwafa, shi kaɗai ke ƙaruwa. A nemi tambayoyin shekarun baya, a yi su da agogo a gaba, a kai wa malami ya gyara da jan biro ba sani ba sabo. Zane kuma a koye shi da fensir, a sa masa suna a ƙasa, kibiyoyi su tsaya daidai kan abin da suke nunawa, domin zane mara take rabin makinsa ya tafi.

Ba zan tsallake maganar takardun da ake yaɗawa a WhatsApp daren jarrabawa ba, ana cewa su ne za su fito. Yawancinsu ƙarya ce da ke cinye wa yaro barci da ƴan jikkunansa. Ko da gaskiya ce, a wannan fanni satar amsa ta fi muni a kan ko'ina, domin wanda ya saci lissafin magani yau, gobe shi kaɗai ne a CSI, wato ƙaramin asibitin ƙauye, da tsakar dare, da jariri a gabansa, ba wanda zai leƙa wa. Haka nan ƙwayoyin hana barci da wasu ke sha, har da taramol. Abin da aka karanta da rana, cikin barci yake zama a ƙwaƙwalwa, kuma wannan ma yana cikin darasin da suke shirin rubutawa.

Ranar jarrabawa, a karanta takardar duka kafin a ɗora biro, a raba lokaci gwargwadon makin kowace tambaya, a fara da wadda aka fi ƙarfi a kanta, a sa lambar kowace amsa a fili. Rubutu ya karantu, don mai gyara yana da tulin takardu a gabansa cikin zafi, abin da bai iya karantawa ba ba zai ba shi maki ba. A bar minti goma sha biyar na ƙarshe don bin adadi da ma'auni ɗaya bayan ɗaya.

Sauran aikin na iyaye ne, kuma a Tibiri da Jiratawa ya fi na cikin birni nauyi. Watannin bita suna faɗawa cikin zafin bazara da ɗaukewar wuta, jarrabawar kanta kuma tana zuwa daidai lokacin shuka da noman farko, sa'ad da kowane hannu ake nemansa a gona. Ɗiya mace ga daka, ga ɗibar ruwa, ga reno, sai ta gama duka take buɗe kaye, ido ya riga ya yi nauyi. Uban da ke son ganin ƴarsa da farar riga a likita ya ɗauke mata aikin yamma na wata biyu, ya saya mata fitila mai cajin rana, ya tabbatar tana kwana cikin gidan sauro, don masassarar kwana uku a makon jarrabawa tana iya rushe aikin shekara guda. Wanda ɗansa ke zuwa Maraɗi rubutawa kuma ya samar masa masauki kusa da cibiyar jarrabawa tun kwana biyu kafin ranar, kada a dogara da samun kabu-kabu da asuba a kan hanyar da ruwan dare ya ɓata.